Makullin Mota Mai Rimot: Yadda Ake Canja Masa Pil

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau mota ta zama abokiyar aikin mutanen karkara. Ita ke ɗaukar gero da wake da albasa ranar kasuwa. Ita ke kai bisashe. Ita ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Da yawa daga cikin motocin nan, har da wasu babura, makullinsu yana da madannai. Ana danna shi daga nesa, ƙofa ta buɗe ko ta kulle. Wasu na ce masa rimot, wasu telekomand.

A cikin makullin akwai ɗan ƙaramin pil, wato batir. Zagayayye ne, mai ƙyalli, faɗinsa kamar na ƙwandalar dala ɗaya. Yakan yi shekara 2 zuwa 4 yana aiki. Idan ya mutu, mai mota yakan zaci makullin ne ya lalace. Sai ya kama hanyar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya kashe kuɗin tafiya, ya biya bakanike. Alhali aikin minti biyar ne, kuma kowa na iya yin sa a gida.

Yaya ake gane pil ya yi sanyi?

Da can ana dannawa daga nesa, yanzu sai an zo dab da mota. Ko sai an danna sau biyu, sau uku. Ko ƴar jar fitilar makullin ta dushe. In ka ga haka, kada ka jira ya mutu maka a daji.

Ga yadda ake yi

1. Ka shimfiɗa tsumma mai tsabta, ka yi aikin a kansa, don kada yashi ya shiga.

2. Ka duba gefen makullin, akwai ƴar tsaga. Ka sa bakin ƙwandala ko siririn ƙarfe, ka murɗa a hankali. Zai rabu biyu. In akwai ƙaramin noti, ka fara kwance shi.

3. Kafin ka cire tsohon pil, ka duba yadda yake kwance. Fuska ɗaya tana da alamar +. Ka lura ko sama take kallo ko ƙasa.

4. Ka karanta lambar da ke jikinsa. A nan karatu ke yin rana. Galibi za ka ga CR2032, ko CR2025, ko CR2016. Faɗinsu ɗaya ne, milimita 20, kuma ƙarfinsu ɗaya, volt 3. Amma kaurinsu ya bambanta. CR2032 ya fi kauri, CR2016 ya fi siranta. Wasu rimot na babur kuma suna da dogon pil mai lamba 23A ko 27A. Ka rubuta lambar, ka sayi irinta. Kada mai kanti ya ce maka duk ɗaya ne.

5. Ka riƙe sabon pil ta gefensa, hannunka a bushe. Ka sa shi yadda tsohon yake. Ka haɗa makullin har ya ce ƙas, sannan ka gwada.

In pil ya mutu a hanya fa?

Kada ka fasa gilashi. Yawancin rimot suna da makullin ƙarfe ɓoye a ciki. Ka zaro shi, ka buɗe ƙofar direba. In motar irin wadda ake tayarwa da madanni ce, a yawancinsu sai ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin madannin, ka danna. Za ta tashi. Kuma kada ka bar makulli cikin rana, don zafin bazara yana cin pil.

Hattara da yara!

Wannan ita ce magana mafi girma. Pil ɗin nan yana kama da ƙwandala ko alawa, yaro kuwa kome ya samu baki yake kai shi. Idan ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona wurin cikin awa 2 kacal. Yana iya kisa. Ko tsohon pil, wanda ya daina buɗe mota, yana da sauran ƙarfin yin wannan ɓarna.

Idan haka ta faru, a ɗauki yaro zuwa gidan likita nan take, ko da ba ya kuka. Kada a sa shi amai. Kada a ba shi abinci. In ya wuce shekara 1 kuma yana iya haɗiya, a ba shi zuma cokalin shayi 2 duk minti 10, har sau 6, ana cikin tafiya. Zuma tana rage ƙunar ne kawai, ba ta fitar da pil. Jaririn da bai kai shekara 1 ba, ba a ba shi zuma.

Tsohon pil kuwa, kada a yar da shi a tsakar gida ko a garke, inda yara da awaki da kaji ke tsince-tsince. Kada a jefa shi a wuta ko a rijiya. A naɗe shi da salatif, a sa a gwangwani mai murfi, a ajiye sama inda hannun yaro ba ya kai.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.