Ayar maigida da ayar uwargida

A wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 5, aya uku ne kacal, 22 zuwa 24, suka yi wa mata zancen biyayya. Daga 25 zuwa 33 kuwa kusan duk maza ake yi wa magana: miji ya ƙaunaci matarsa ko da ransa zai bayar.

Amma mu Kiristocin da ke fatauci tsakanin Maraɗi da Kwatano, ayoyin mata muka haddace. Sai mutum ya yi wata guda a hanya, ba aike ba waya, ya dawo yana buɗe wa uwargida aya ta 22. Mudun maƙwabci muke dubawa, namu ya lotsa. Ita ma dai, ta 25 ta fi riƙewa. Ana wannan muhawara, yara na tsaye suna jiran kuɗin makaranta.