Rage Ƙiba Bayan Jinya: Yadda Za a Sake Farawa

'Yan'uwa manoma, akwai wata damuwa da muke yawan ji a ƙungiyoyinmu. Likita ya gaya wa mutum yana da hawan jini ko ciwon sukari, ya ce masa ya rage ƙiba. Mutumin ya yi ƙoƙari, ya rage tuwo, ya bar lemon kwalba, har wando ya soma yi masa yawa. Ana nan sai zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, ko gwiwa ta kumbura, ko aka yi masa aikin ƙaba. In mace ce, wataƙila fiɗa aka yi mata wajen haihuwa. Bayan wata 3 ko 4 nauyin ya dawo duka, har da ƙari. Daga nan sai mutum ya ce, "Ni kam na haƙura, haka jikina yake." Wannan haƙuri yana da haɗari, gama hawan jinin da aka bari shi ne yakan kawo shanyewar ɓarin jiki, ya raba manomi da gonarsa.

ME YA SA ƘIBA TAKAN DAWO?

Yawancin masu fid da zuciya suna tsammani kasawarsu ce. Amma akwai dalilai huɗu da ya kamata mu sani.

Na fari, kwanciya tana cin tsoka. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an sa dattawa masu lafiya sun kwanta kwana 10 a gado, sai aka ga tsokar ƙafafunsu ta ragu da kusan kilo 1. Tsoka kuwa ita ce ke ƙona abinci. In mai jinya ya tashi ya koma ci ba tare da aiki ba, kitse ne yake fara cika gurbin.

Na biyu, jiki da kansa yana neman mai da abin da ya rasa. A birnin Melbourne na Ostireliya an sa mutum 50 sun rage abinci har mako 10. Rahoton da ya fito a 2011 ya nuna bayan shekara guda suna jin yunwa fiye da yadda suke ji kafin su fara. Wato yunwar nan daga jiki take, ba kwaɗayi ba ne.

Na uku, waɗansu magunguna suna sa ƙiba. Prednisolone da dexamethasone, waɗanda akan ba masu asma da masu ciwon gaɓoɓi, suna buɗe ciki, suna tara ruwa a jiki, suna kuma ɗaga sukarin jini.

Na huɗu, mu ne masu zuwa dubiya. Mukan kai wa mara lafiya lemo mai zaƙi da madarar gwangwani da burodi, mu matsa masa ya ci. In kumatu sun fito sai mu ce, "Madalla, ka murmure."

WAHALAR FARKO BA TA TAFI A BANZA BA

Wannan ita ce maganar da muke so kowa ya riƙe. A Amurka an yi babban bincike da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya hau amma bai kai ciwo ba tukuna. An ce wa kashi ɗaya su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar ƙafa minti 150 a mako. A 2002 aka ba da sakamako: kamuwa da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 cikin 100 a cikinsu. Daga baya yawancin nauyin ya dawo musu, kamar yadda yake dawo wa namu mutane. Duk da haka, da aka sake dubawa a 2009, bayan shekara 10 da farawa, sai aka tarar kamuwarsu tana ƙasa da ta sauran da kashi 34 cikin 100.

Haka kuma a garin Da Qing na ƙasar Sin, an koya wa mutane gyaran ci da motsa jiki na shekara 6 kaɗai, daga 1986. Bayan shekara 30 aka ga ciwon sukari ya yi jinkirin kama su da kusan shekara 4, mutuwa ta ciwon zuciya kuma ta ragu a cikinsu.

Ku lura, abin da aka nema ba mai yawa ba ne. Ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 kilo 6 ne da ɗan ɗoriya. Mai ciwon gwiwa kuma, kowane kilo 1 da ya rage yana sauke wa gwiwar nauyin wajen kilo 4 a kowane taki. Dukanmu mun san shekarar da ruwan fari ya sauka, muka yi shuka, sa'an nan ruwa ya ɗauke, tsiro ya bushe. Ba wanda ya bar gonarsa saboda haka. Iri muka sake ɗebowa.

MATAKAI BIYAR NA SAKE FARAWA

1. A fara komawa asibiti. A tambayi likita ko malamin asibiti ko rauni ya warke, ko jiki ya isa aiki. A nuna masa dukan magungunan da ake sha. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone ko dexamethasone kada ya bari farat ɗaya, gama yin haka yana iya jawo mummunan ciwo. Likita ne zai rage masa kaɗan kaɗan. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide kada ya rage abinci sai da sanin likita, domin sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma. Mace mai ciki ba ta rage ƙiba.

2. A yi awo daga yau, a manta da na bara. Sikelin da muke auna buhu da shi ya isa. In babu, a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In bakinta bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Rage kilo 1 ko 2 a wata ya wadatar.

3. A soma tafiya da minti 10 a rana, da sassafe ko da la'asar. Kowane mako a ƙara minti 5 har a kai minti 30, kwana 5 a mako. Wannan shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya take so kowane babba ya samu. Gonar da take kusa a bar babur a gida. In gwiwa tana ciwo a bi shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko a hau keke. A fi lura da rani: aikin gona ya ƙare, rumbu cike, ga bukukuwa. In ƙirji ya yi zafi ko numfashi ya sarƙe, a tsaya, a je asibiti.

4. A gyara abu ɗaya cikin ci kafin a kama na biyu. A fara da abin sha. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari cokalin shayi 8 ko 9. Kunun zaƙi da shayi ma a rage musu sukari, burukutu kuwa a bar shi. Bayan mako 2 a koma kan tuwo: mai cin malmala 3 ya koma 2, ya ƙara miyar kuka ko kuɓewa ko zogale ko rama. Mai a auna shi da cokali. Wake da ƙwai da kifi da awara kada a rage su, su ne ke mai da tsokar da jinya ta ci. Gishirin rana guda kada ya kai gram 5, wato ƙasa da cokalin shayi 1, har da wanda yake cikin ɗanɗanon miya na kanti.

5. A guji 'yan tallar magani. Shayin rage tumbi da ake sayarwa a kasuwa, da yawansa gudawa yake sawa, ruwa ne yake fita ba kitse ba. Ƙwayoyin "sha ka fashe" da waɗansu ke sha don su ciko bayan jinya kuwa suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

In aka yi ranar biki aka ci da yawa, kashegari a ci gaba daga inda aka tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.

AIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi karya zuciyar mai rage ƙiba a ƙauye shi ne bakin mutane: "Me ya same ka ka rame haka? Ko a gida ba a ba ka abinci?" Mu bar wannan. In za mu dubiya mu kai gwanda, ko lemon zaƙi, ko ƙwai, ko mudun wake. A ranar taron wata a fito da sikeli, magatakarda ya rubuta wa mai so nauyinsa a asirce. A haɗa mutane biyu biyu su riƙa tafiya tare, zumuntar mata ma ta yi haka.

Gargaɗi ɗaya: wanda yake ramewa ba da niyya ba, musamman in akwai tari fiye da mako 2, ko yawan ƙishi da fitsari, wannan ba abin murna ba ne. A kai shi asibiti a auna shi.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU

1. Mutum nawa ne a ƙungiyarmu suka auna jininsu a wannan shekara?
2. Me muka saba kai wa mara lafiya, da me za mu iya musanya shi?
3. Wa ya fara rage ƙiba ciwo ya katse shi, wa kuma zai riƙa raka shi tafiya daga wannan mako?