Kasalar Bayan Azahar: Dalilanta da Maganinta

Da zarar an yi azahar an ci abinci, sai a ga jikin ma'aikata da yawa ya mutu. Akawu yana gyangyaɗi a kan teburinsa, ɗan makaranta yana ta hamma, tela kuwa ƙafarsa ta yi nauyi a kan keke. Galibin mutane sukan ɗora laifin a kan tuwon da aka ci, waɗansu shugabannin aiki kuma su ce lalaci ne kawai. Al'amarin ya wuce haka.

Masana sun tabbatar da cewa a cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani ɗan ƙaramin wuri, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta, wanda aikinsa shi ne tsara lokutan barci da farkawa a cikin awa 24. Shi ake kira agogon jiki, kuma hasken da ke shiga ido ne yake daidaita shi kowace safiya. A 2017 an ba Amurkawa uku, watau Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel saboda sun gano yadda irin wannan agogo yake aiki. Agogon yakan rage wa mutum kuzari sau biyu a kwana ɗaya: raguwa babba daga tsakar dare zuwa asuba, ƙarama kuma tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 4 na rana. An gwada an gani, ko mutum bai ci abincin rana ba, wannan ƙaramar raguwa takan zo.

Abin da yake tsananta ta shi ne bashin barci. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yake ta taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma yawansa ne ke jawo jin barci. Isasshen barcin dare ne yake rage shi. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. To, wanda ya zauna hira ko kallon waya har tsakar dare, ya kuma tashi da asuba, ya wayi gari ke nan da bashi a kansa, kuma da azahar ne jiki yake zuwa karɓar kayansa.

Abinci ma yana da nasa laifin. Malmalar tuwo uku, ko tulin shinkafa, ko teba ko sakwara da miya mai yawan mai, a bi da lemon kwalba, duk suna ƙara nauyin jiki, musamman ga wanda zai koma ya zauna a kujera. Haka kuma zafi da ƙishirwa. A bazara, lokacin da zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, gumi yakan rage ruwan jiki tun mutum bai ankara ba, sai ciwon kai da kasala su biyo baya.

A ofis, illar gyangyaɗi ba ta cika wuce kuskuren lissafi ba. A kan hanya kuwa rai ne. Wani bincike da Jim Horne da Louise Reyner suka wallafa a Ingila a 1995 ya nuna cewa haɗurran mota da barci ke jawowa sun fi aukuwa wajen ƙarfe 2 na dare, da 6 na safe, da kuma 4 na yamma. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, idan idon direbanta ya rufe na daƙiƙa 3 kacal, ta ci fiye da mita 80 babu mai tuƙi. Sauke gilashi ko ƙara muryar rediyo ba sa hana wannan sai na ɗan lokaci kaɗan. Wajibi ne direban da ya ji idonsa ya yi nauyi ya sami wuri mai aminci ya tsaya, fasinjoji kuma kada su matsa masa.

Babban magani dai shi ne a kwanta da wuri, a kuma tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Bayan wannan sai ƙailula, wadda magabata suka sani tun da daɗewa. Sai dai tana da ƙa'ida: minti 15 zuwa 20 sun isa. In ta zarce rabin awa, mutum yakan nutse cikin barci mai nauyi, ya tashi kansa ya yi dum, kasalar ta fi ta dā. Wadda aka yi da yamma lis kuwa barcin dare take ɓatawa.

Game da abincin rana, a rage yawansa, a haɗa shi da wake ko kifi ko ƙwai, da ganye irin su zogale da alayyahu. A riƙa shan ruwa tun safe, ba sai ƙishi ya kama ba. In an gama ci, tafiyar minti 10 a ƙafa ta fi komawa kujera nan take. Masu rabon aiki kuma su sa aikin da ke bukatar natsuwa da safe, su bar masu sauƙi zuwa bayan azahar.

Goro da shayi da kofi suna taimakawa, domin akwai sinadarin kafeyin a cikinsu. Amma shi kafeyin toshe wa adenosin hanya kawai yake yi, ba ya kawar da shi, kuma wajen rabinsa yana nan a jiki bayan awa 5. Saboda haka mai cin goro da dare yana rage barcinsa ne, gobe kuma kasala ta ƙaru. Ƙwayoyin da ake tallarsu a tashoshin mota da sunan ƙarin kuzari kuwa, a guje su sam.

Idan gajiyar ba ta tsaya ga azahar ba, ta zama ta wuni duka har makonni, to, a je asibiti. Yawan ƙishi da yawan fitsari na iya zama alamar ciwon suga. Fari a tafin hannu da cikin fatar ido na iya nuna ƙarancin jini, wanda ya fi damun mata masu juna biyu. Mai minshari da ƙarfi kuma, wanda iyalinsa suka lura numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, ya gaya wa likita, domin ana iya gane wannan larura a yi maganinta.