Filin Manoma: Sharar Mai Shayi Taki Ce

Kowace safiya a Gesse, cikin Birnin Kebbi, masu shayi su kan zubar da 'yan jakunkunan ganyen shayi da ɓawon ƙwai a bakin kwata, matan gida kuma su watsar da ɓawon albasa da na doya. Manomi ya kan wuce wannan juji ko kallo bai yi ba, sa'an nan ya tafi kasuwa yana kukan tsadar takin zamani, wanda ya hau ƙwarai tun yaƙin Rasha da Ukiren a 2022.

Fadamar Gulbin Rima tana samun laka in ruwa ya cika. Amma gonakin tudu tsakanin Birnin Kebbi da Argungu yawancinsu rairayi ne, ba su riƙe ruwa. Ruɓaɓɓen taki shi ke sa irin wannan ƙasa ta riƙe danshi. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin haka, su kan kwashi sharar birni a mangala su kai gona.

Ga yadda ake yi. A haƙa rami a inuwa, zurfi da faɗi ƙafa 3. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, a bi da sharar madafa, a zuba kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a rufe da ƙasa. Haka za a yi ta jerawa har ya cika. Wani Bature, Albert Howard, shi ya tsara wannan hanya a Indore ta Indiya tsakanin 1924 da 1931.

Sai fa a kula da jakar shayin. Wasu kamfanoni da roba suke liƙe ta, roba kuwa ba ta ruɓewa. A yage ta, a juye ganyen, a yar da jakar. Kada a sa nama ko kifi ko mai, don suna jawo ɓeraye. Leda da batir ma a tsince su.

Da rani a riƙa yayyafa ruwa, amma kada ya jiƙe sharkaf. A caka sanda a bar ta. In an zaro ta da ɗumi, aiki na tafiya. A juya shi kowane mako 3. Cikin wata 3 zai yi baƙi, ya daina wari.

Wanda ya cika raminsa a Maris, takinsa zai isa shukar Yuni. Mai shayin unguwa kuwa, bokiti ɗaya kurum za a ajiye masa.