Maganin Katako da Ƙumar Kaji: Abin da Ya Kamata Mai Kiwo Ya Sani

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a ƙasar Gaya da Ajingi, akwai tambayar da masu kiwon kaji suke yawan yi idan zafi ya shigo. Suna cewa, tun da maganin da kafinta yake shafa wa katako yana hana gara, shin ba zai kashe ƙumar da take damun kaji a akurki ba? Amsar ita ce yana kashewa, amma dafi ne, kuma yana iya cutar da kaji da mai kajin. Kafin mutum ya kashe kuɗinsa, bari mu duba yadda ƙwaron yake rayuwa, da abin da maganin yake yi.

Wane irin ƙwaro ne?

Abin da muke kira ƙuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙwarƙwatar kaji wadda take zama a jikin kaza dare da rana. Akwai kaskar kaji mai faɗin jiki wadda take ɓuya a tsagar bango. Akwai kuma jar ƙuma, wadda ita ce muke magana a kanta. Girmanta bai wuce milimita 1 ba. Launinta toka-toka ne, sai ta sha jini take komawa ja.

Jar ƙuma ba ta zama a jikin kaza. Da rana tana ɓuya a tsagar katako, da mahaɗar itace, da ƙarƙashin busasshen kashin kaji, da cikin ciyawar wurin saka ƙwai. Da dare sai ta fito ta hau kaza, ta sha jini na kamar awa 1, ta koma maɓoyarta ta yi ƙwai. A lokacin ɗumi, daga ƙwai zuwa babba mai haihuwa kwana 7 ne kawai. Kuma tana iya yin wata 8 a akurkin da babu kaza ko ɗaya ba ta mutu ba. Saboda haka barin akurki a wofi na mako 2 ko 3 ba ya raba shi da ita.

Yadda za a gane ta

Kaji sukan ƙi shiga akurki da magariba. Zankonsu ya yi fari saboda ƙarancin jini. Ƙwai ya ragu. Kaza mai kwanci ta tashi ta bar ƙwanta kafin kwana 21 su cika, 'yan tsaki kuma su yi ta mutuwa. Mai shara ma yakan ji ƙaiƙayi a hannu da wuya.

Ga gwaji mai sauƙi. Bayan dare ya yi, a ɗauki tocila da farin ƙyalle, a goga ƙyallen a ƙarƙashin sandar da kaji suke kwana. In an ga jan zane na jini, to, jar ƙuma ce.

Abin da maganin katako yake yi

Tsohon maganin katako da aka fi sani shi ne kiriyosot, wani baƙin mai mai wari da ake samu daga kwal. Shi ake shafa wa katakon layin dogo da turakun waya. Shekaru da yawa masu kaji a Ingila da Amurka sun yi ta shafa shi a ɗakunan kaji, domin yana ratsa tsaga ya kashe ƙumar da ƙwanta. Amma a 1987 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji, kuma tun 2003 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayar da shi ga mutanen gida. Yana ƙona fata, balle in rana ta bugi wurin. Warinsa yana cutar da 'yan tsaki, yana kuma shiga ƙwai.

A wurinmu kafintoci sun fi sanin maganin katako da sunan Solignum, amma abin da yake cikin gwangwani ya bambanta daga wani zuwa wani. Waɗansu kuma ana auna su a kwalba ba tare da takarda ba, an gauraya da kananzir ko baƙin man mota. Wanda ya sayi irin wannan bai san abin da ya kai gidansa ba. An yi maganin katako ne domin gara da ruɓewa. Ba a yi shi domin wurin da kaza take kwana ko take cin abinci ba.

Haɗarin zuba wa kaji maganin da ba nasu ba ya bayyana a 2017. A shekarar an gano cewa an yi feshin wani magani mai suna fipronil a gidajen kaji na Holan da Beljiyam domin kashe wannan jar ƙumar. Maganin ya shiga ƙwai, aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwa, aka rufe gonaki da yawa na ɗan lokaci. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai kuma mu tuna cewa akurkinmu da yawa na laka ne da kara da zana. Maganin katako ba shi da wani amfani a jikin bangon laka. Kuma ba ya taɓa ƙwarƙwatar da take jikin kaza.

In dole ne a shafa

Mai gina ɗakin kaji na katako yana da gaskiya in ya ji tsoron gara. To, ya kiyaye waɗannan:

1. A shafa tun kafin a haɗa ginin, a waje inda iska take kaɗawa, a gindin turakun da za su shiga ƙasa da bayan katako kawai.

2. Kada a shafa a sandar kwana, ko akwatin ƙwai, ko mazubin abinci da ruwa.

3. A sa safar hannu ta roba da riga mai dogon hannu. A kori yara daga wurin.

4. Kada a sa kaji sai katakon ya bushe sarai kuma warin ya tafi. Wannan yakan ɗauki makonni.

5. Kada a yi girki da guntayen katakon, kada a ba kaji tokarsa, kada a zuba ruwa ko hatsi a gwangwanin.

Wanda ya sami azara ta giginya ya yi turaku da ita, gara ba ta cika cinta ba, ya huta da sayen magani.

Hanyar da ta fi

Zafin da ya wuce digiri 45 yana kashe jar ƙuma. Wannan makami ne da kowace mace take da shi a murhunta. Da safe a fitar da kaji. A kwashe ciyawa da kashi, a ƙone ciyawar nesa da danga. A zuba tafasasshen ruwa a kowace tsaga da mahaɗar katako, a wanke da ruwan sabulu. A fitar da sandar kwana da kwanduna a shanya a ranar bazara wuni guda. In akurkin na laka ne, a yaɓe tsagoginsa da sabuwar laka, a shafe ciki da farar ƙasa. Farar ƙasa tana toshe ƙananan ramuka, kuma a kan farin bango ƙwaro ba ya ɓoyuwa. A shafa ɗan man gyaɗa a bakin sandar kwana inda ta haɗu da bango.

Babban abu shi ne a maimaita aikin bayan kwana 7, a sake kuma bayan wasu kwana 7. Ƙwan da ya tsira a wankin farko yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 2 ko 3. Wanda ya yi sau ɗaya ya bari, zai ga ƙumar ta dawo kamar bai yi kome ba.

A ajiye wa kaji kasko ko rami mai yashi da tokar murhu a inuwa, su riƙa birgima. Wannan yana rage ƙwarƙwatar jikinsu ma. In abin ya ci tura, a je wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Akwai magungunan da aka yi musamman domin kaji. A nemi mai lambar NAFDAC, a tambayi kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Aikin ƙungiya

Ƙuma tana bin kwando da keji da tufafin mutum daga gida zuwa gida, tana kuma zama a ɗakin tattabaru. Kazar da aka sayo a kasuwar Gaya ko ta Wudil a ware ta mako 2, a zuba wa kwandon da ta zo a ciki ruwan zafi. Ya kamata kowace ƙungiya ta tsai da rana ɗaya a watan Maris ko Afrilu, kafin damina, wadda dukan gidajen unguwa za su wanke akurkinsu tare, a haɗa kuɗi a sayi farar ƙasa a raba. In gida ɗaya ya wanke maƙwabcinsa bai wanke ba, wahalar banza aka yi. Sakatarorin ƙungiyoyi su sa wannan magana cikin taro mai zuwa, su kuma tabbata mata da yaran da suke kula da kajin sun ji ta.