Wa Ke Da Kwata? Rikicin Takardar Izinin Jiragen Ruwa A Legas

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya je kwatar Ebute Ero da ke tsibirin Legas, ko kuwa ta Ipakodo da ke Ikorodu, ya san cewa wurin ɗaure jirgi a bakin ruwa ba ƙaramar dukiya ba ce. Ga jirage nan jere, gefen wannan na gugar gefen wancan, ma'aikata da 'yan kasuwa suna ta tururuwa don su tsere wa cunkoson motoci a kan gada. Jirgin da ke bakin matakala shi ke fara cika, har ya kai mutane ya komo wanda aka tura can ƙurya bai ko tayar da inji ba. Mai karatu da ya san yadda direbobi ke rigima a kan layi a tashar mota ba ya bukatar dogon bayani.

To, amma fa shi mai jirgi ba shi da ko taku ɗaya a wannan wuri. Kwatar ta hukuma ce, ruwan ma haka. Abin da ke hannunsa kawai shi ne takardar izini, ita kuwa takarda tana da wa'adi. Ran da wa'adin ya cika ba a sabunta ba, mutumin da ya shekara goma yana ɗaure jirginsa a turke ɗaya ya zama baƙo a gaban doka, daidai da wanda ya zo jiya. Tambayar da ta daɗe tana ci wa masu jirage tuwo a ƙwarya ita ce, wurin wa za a je a sabunta? A Legas sai da aka yi kusan shekara 12 ana shari'a kafin a sami amsa.

Tushen maganar yana cikin shekarar 1997, lokacin da gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 13, wadda ta mai da tsohon sashen hanyoyin ruwa na Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya ya zama hukuma mai cin gashin kanta, watau Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wadda aka fi sani da NIWA. Hedkwatarta tana Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai. Dokar ta ba ta iko mai faɗi ƙwarai da gaske. Ita ke ba da lasin zirga-zirga a ruwan cikin ƙasa, ita ke ba da izinin gina kwata ko wurin gyaran jirage, ita ke duba lafiyar jirgi ta ba shi takardar shaida, ita kuma aka ɗora wa alhakin kawar da matattun jirage da duk wani abin da ya tare hanya. Ikon ma bai tsaya cikin ruwa ba, ya hau tudu. Inda gaɓa ke da tsayi, mita 100 daga bakin ruwa suna cikin hurumin hukumar; inda kuwa fadama ce, hurumin ya kai duk inda ambaliyar da akan yi sau ɗaya a shekara 100 za ta iya shafa. Watau ko rumfar jiran fasinja mutum zai gina a bakin kogi, doka ta ce sai da yardarta.

Jihar Legas ba ta gamsu da wannan ba. Cikin 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta kafa tata hukumar mai suna LASWA, ta ɗora mata kula da jirage da kwatocin jihar. Hujjarta ita ce tsarin mulkin 1999 ya ba Gwamnatin Tarayya iko ne a kan kogin Kwara da rassansa, da kuma duk ruwan da Majalisar Tarayya ta ayyana cewa na tsakanin jihohi ne ko na tsakanin ƙasashe. Ruwan da ya tashi cikin Legas ya ƙare cikin Legas kuwa, in ji jihar, babu ruwan Abuja da shi. Ita ma Tarayya tana da tata hujjar, domin ruwan Legas ba a rufe yake ba. Daga Badagry ana shiga Jamhuriyar Benin, daga Epe kuma ana bi ta jihohin Ogun da Ondo har a dangana da Warri, kuma dokar 1997 ta ambaci wannan hanya da sunanta cikin jerin ruwayen Tarayya.

Masu jirage sai suka zama gaba kura baya sayaki. Ma'aikacin Tarayya ya zo ya nemi takarda, ya tafi, na jiha ya zo ya nemi tasa. Jirgi ɗaya, turke ɗaya, haraji biyu. Da abin ya ishe su, sai ƙungiyar masu jiragen haya da na yawon shaƙatawa, wadda ake kira ATBOWATON, tare da ƙungiyar masu haƙar rairayi, suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Legas cikin 2012. Abin lura a nan shi ne ba cewa suka yi ba za su biya ba. Roƙonsu kawai shi ne kotu ta nuna musu wanda za su biya, su huta.

Cikin watan Maris na 2014 Mai Shari'a John Tsoho ya ce ikon na hukumomin Tarayya ne. Legas ta ɗaukaka ƙara, kuma cikin watan Yuli na 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wancan hukunci, ta ce ruwan da ke cikin jihar na jihar ne. Daga nan sai Kotun Ƙoli. Ran 5 ga watan Janairu, 2024, cikin hukuncin da Mai Shari'a John Inyang Okoro ya rubuta, kotun ta mai da maganar inda ta faro, ta ce ba da lasin da karɓar kuɗi a kan hanyoyin ruwan da doka ta ayyana aikin NIWA ne, kuma dokar jiha ba ta da hurumin shiga ciki.

Sai mai karatu ya sa kansa a madadin mai jirgi ɗaya tak, wanda ya bi doka sau da ƙafa cikin waɗannan shekaru. A 2014 an ce masa takardar Tarayya ce mai ƙarfi, ya riƙe ta. A 2017 aka ce a'a, ta jiha ce, ya bar waccan ta mutu ya koma wannan. A 2024 aka ce ashe waccan da ya bari ita ce ta gaskiya. Shin wannan mutum mai laifi ne da ya ƙi sabunta takarda shekara shida da 'yan watanni, ko kuwa mai biyayya ne ga kotu? Kotun Ƙoli ta amsa tambayar da aka yi mata ne, watau wa ke da iko. Yadda za a yi da wanda takardarsa ta mutu kuwa aiki ne na ofis, kuma a nan ne talaka ke haɗuwa da doka ido da ido.

Maganar ba ta Legas kaɗai ba ce, tun da hukuncin ya shafi ƙasa baki ɗaya. Bisa ƙididdigar hukumar kanta, Nijeriya na da hanyoyin ruwa na kimanin kilomita 10,000, kuma ana iya isa jihohi 28 ta ruwa. Mai jirgin da ke fito a Yawuri, da na Malale a bakin tafkin Kainji, da na Ibi a kan Binuwai, duk doka ɗaya ce a kansu da na Ikorodu. A irin waɗannan wurare dalilan mutuwar takarda suna da yawa, kuma ba duka ne sakaci ba. Inji kan lalace a ja jirgi tudu ya yi wata shida ana neman kuɗin gyara. Mai jirgi kan rasu, magada su zauna jiran rabon gado, takarda na can da sunan mamaci. Wani kuwa tsakaninsa da ofishin hukuma tafiyar yini ce, abin da zai kashe a mota ya fi abin da zai samu a fiton mako guda. Tun kafin zuwan takarda, Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi su ke riƙe da wannan lissafi da ka. Sun san turken kowa, sun san wanda ya yi tafiya da wanda ya bar sana'a, kuma ba su taɓa ba wani turken mutum don ya kwanta jinya ba. Takarda ba ta san jinya ba sai an rubuta mata.

Ba kuma za a ce a sakar wa kowa mara ba. Wurin ɗaure jirgi a kwatar hukuma kaɗan ne, masu nema da yawa. Idan aka ce duk wanda ya taɓa samun wuri nasa ne har abada, ko ya sabunta ko bai sabunta ba, to, abin da zai biyo baya sananne ne: ruɓaɓɓen jirgi ya tare gaɓa shekara da shekaru, ruwa ya cika shi ya nutse, ya zama tarko ga na baya, alhali ga saurayi da sabon jirgi yana jiran wuri. Wani ma ya ɗauki wurin ya ba da haya a ɓoye, ya ci ribar abin da ba nasa ba.

Sai dai a ganina hatsarin tsanantawa ya fi na sassauci girma, kuma dalilin yana cikin ruwa. Mai jirgin da aka ce masa ya rasa wurinsa, ko aka ɗora masa tarar da ta fi ƙarfinsa, ba ya barin sana'a, domin da ita yake ci da iyali. Kwance jirginsa yake yi ya koma wata gaɓa can bayan gari, inda babu mai ƙirga fasinja, babu mai tambayar rigar ruwa, babu mai hana tashi bayan magariba. Manyan haɗurran da suka girgiza ƙasar nan ba daga manyan kwatoci suka taso ba. Cikin watan Mayu na 2021 jirgin da ya taso daga ƙauyen Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Warra a Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150, ya dare a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Cikin watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka halaka a yankin Pategi na Jihar Kwara, suna komowa daga biki cikin dare. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun tilasta sa rigar ruwa, sun hana lodin da ya wuce kima, kuma hukuma ta hana tafiyar dare, amma ƙa'ida ba ta kama jirgin da idon hukuma bai gan shi ba.

Saboda haka ya kamata ranar sabunta takarda ta zama ranar da ake duba jirgi, ba ranar karɓar kuɗi kaɗai ba. A ƙwanƙwasa katako a ji ko ya ruɓe, a tayar da inji, a ƙirga rigunan ruwa, a rubuta adadin mutanen da jirgin zai ɗauka a jikinsa inda kowa zai gani. Jirgin da ya ci wannan jarrabawa, in ma takardarsa ta yi 'yan watanni da mutuwa, a karɓi kuɗin makara daidai gwargwado a mai da shi turkensa. Wanda ya faɗi kuwa, ko jiya ya sabunta, kada ya ɗauki ko da yaro ɗaya. A kuma liƙa farashi da wa'adi a bakin kowace kwata da harshen da mutanen wurin ke ji, Hausa ne ko Nufanci ko Yarbanci, domin kuɗin da ba a rubuta ba shi ke da baki biyu. Inda ofis ke da nisa, babu abin da zai hana ma'aikata su riƙa zuwa ranar kasuwa su zauna tare da Sarkin Jirgi, wanda ya fi su sanin jirgin wane ne ya kwana biyu bai shiga ruwa ba.

A Legas ɗin ma maganar turke ba ta ƙare ba. Hukuncin 2024 bai rushe LASWA ba, kuma kwatocin da jihar ta gina da kuɗinta suna nan, ciki har da babbar tashar Falomo da ke Ikoyi wadda aka buɗe cikin 2018. Cikin 2025 kuma gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin Omi Eko na Yuro miliyan 410, da taimakon Faransa da Tarayyar Turai, don gyara tashoshi da kawo manyan jirage masu aiki da lantarki. Idan waɗannan jirage suka iso, wurin tsayawa za su nema a bakin matakala, kuma wanda za a fara cewa ya matsa shi ne ƙaramin jirgin da aka duba takardarsa aka ga wa'adinta ya wuce.