Yadda Ake Zaɓen Hita da Wutar da Za Ta Ɗauke Ta

 A cikin wannan maƙala ina so in yi bayani a kan wani abu wanda kusan kowane gida mai lantarki yake da shi, amma kaɗan ne suka san lissafinsa, watau hita, ƙarfen nan da ake tsomawa cikin ruwa ya tafasa shi. Abin da nake so mu gane shi ne, idan za a sayi hita ba girman tukunya kaɗai ake dubawa ba. Wajibi ne a dubi wayar da ke cikin bango, domin ita ce za ta ɗauki nauyin aikin, kuma ita ce ke ta da gobara idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Misalin da zan yi amfani da shi daga ƙasashen Turawa yake, wajen mutanen Ingila da Amurka masu dafa giya a gidajensu. Giya haramun ce a addinin Musulunci, kuma ba ina kiran kowa zuwa gare ta ba ne. Na zaɓe su ne domin aikin nasu ya tilasta musu yin lissafin da mu muke yi wa riƙon sakainar kashi. A Ingila an daina neman lasin wannan aiki a 1963, a Amurka kuwa Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta ba da izni a 1978. Da yawansu da gas suke dafawa a waje, amma masu son yin aikin a cikin ɗaki lokacin hunturu sai suka koma ga lantarki.

Aikin nasu hawa biyu ne. Da fari sukan jiƙa tsiron sha'ir cikin ruwa mai zafin digiri 65 ko kusa da haka, har kimanin awa ɗaya, domin garin hatsin ya juye ya zama sukari. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, gama shi ne dalilin da ya sa mata masu kunun zaƙi suke zuba tsiro ko garin dankali a cikin kunu mai ɗumi. Daga nan sai su tace, su tafasa ruwan zaƙin har awa guda. Yawan ruwan kan kai lita 25, watau cikin jarka ɗaya. To, wace irin hita ce za ta iya wannan aiki?

Bari mu fara da abin da ke cikin hitar. Wata siririyar waya ce a nannaɗe, wadda aka yi da haɗin ƙarfe biyu, nikel kashi 80 da kuromiyom kashi 20. Wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ne ya yi rajistar wannan haɗi a 1906. Wayar tana cikin bututun ƙarfe, an cika tsakaninsu da wani farin gari wanda yake barin zafi ya wuce amma yana tare wuta. Idan lantarki ya bi ta cikin wayar sai ta yi zafi. Wanda ya gano ƙa'idar wannan zafi a wajajen 1840 shi ne James Joule, mutumin garin Salford a Ingila, kuma abin mamaki shi kansa ɗan gidan masu kamfanin giya ne. Ƙa'idar tasa ita ce, idan aka ninka yawan wutar da ke bin waya sau biyu, zafin da wayar za ta yi zai ninku sau huɗu. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo gare shi.

Akwai ma'auni uku da ake rubutawa a jikin kayan wuta. Na ɗaya shi ne bolt, mai alamar V, watau ƙarfin da ke tura wutar. Na biyu amfiya, mai alamar A, watau yawan wutar da ke gudu cikin waya. Na uku wat, mai alamar W, watau yawan aikin da na'ura ke yi. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat. Idan kuwa aka raba wat da bolt sai a sami amfiya. Wannan ɗan lissafi shi ne mabuɗin maganar duka.

Yanzu sai mu auna aikin. A darasin kimiyya mun koyi cewa ana bukatar kimanin jul 4,200 kafin a ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya, kuma wat ɗaya yana ba da jul ɗaya a kowace daƙiƙa. Idan ruwan jarkarmu yana digiri 25, muna son ya kai 100, to sai mu ninka 25 da 4,200 da 75, mu sami jul 7,875,000. Na raba wannan adadi da ƙarfin hita iri-iri, ga abin da na samu. Hita mai wat 1,000 za ta ci awa biyu da minti 11. Mai wat 1,500 za ta ci kusan awa ɗaya da rabi. Mai wat 3,000 minti 44. Mai wat 5,500 kuwa minti 24 kacal. A zahiri lokacin zai ɗara haka, domin wani zafin yana tserewa ta jikin tukunya da ta bakinta. Shi ya sa rufe tukunya da naɗe ta da wani abu mai riƙe zafi yake rage lokaci ba tare da an ƙara ko kwabo ba.

Duk wanda ya ga wannan lissafi zai ce ai sai a sayi babbar hita a huta. A nan ne gizo ke saƙa. Waya kamar jaki take, kowace da iyakar kayan da za ta iya ɗauka. A Amurka wutar soket na ɗaki bolt 120 ce, kuma yawancin layukan amfiya 15 suke ɗauka. In an ninka, wat 1,800 ke nan, sa'an nan ƙa'idarsu ta ce abin da zai daɗe a kunne kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin layi, watau wat 1,440. Saboda haka Ba'amurke mai babbar tukunya yana da zaɓi uku. Ko dai ya yi haƙuri da ƙaramar hita, ko ya sa ƙanana biyu kowace a kan layinta dabam, ko kuwa ya nemi layin bolt 240 mai amfiya 30, irin wanda suke jona injin busar da tufafi. A kan wannan layi ne ake sa hita mai wat 5,500, wadda take jan amfiya 23.

A Ingila abin ya fi sauƙi. Wutarsu bolt 230 ce, fulogin nan nasu mai ƙafa uku kuwa amfiya 13 yake ɗauka, akwai kuma fis a cikinsa. In an ninka 230 da 13 za a sami wat 2,990. Watau kenan wat 3,000 shi ne iyakar abin da za a jona a soket ɗaya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu a Nijeriya tsarin Ingila muka gada, bolt 230 da fulogi mai ƙafa uku. Duk hitar da ta wuce wat 3,000 tana bukatar layinta na musamman tun daga akwatin fis, da waya mai kauri irin ta murhun lantarki, kuma ƙwararren mai aikin wuta ne zai ja shi.

A nan ne ƙa'idar Joule take aiki. A ce mutum ya jona hita biyu, kowace mai wat 2,000, a kan adafta ɗaya. Jimla wat 4,000, in an raba da 230 sai a sami amfiya 17 da ɗoriya, alhali an yi soket ɗin ne don 13. Ƙarin kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai, amma zafin da wayar za ta yi ya kusa ninki biyu. Haka kuma idan aka jawo wuta da siririyar waya irin ta rediyo, ko aka bar haɗi a kwance bai ɗauru ba, wurin zai yi zafi, roba ta narke, wuta ta kama. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Wanda ya cire ƙonannen fis ya cusa guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Wani abin lura kuma shi ne, hita ba ta ba da ƙarfin da aka rubuta a jikinta sai in wutar ta cika. Idan bolt ya ragu da rabi, ƙarfinta yakan koma rubu'i. Hita mai wat 5,500 da aka yi don bolt 240, in an jona ta a 120, wat 1,375 kawai za ta bayar. A unguwannin da wuta ke zuwa da rauni, in ta sauka zuwa bolt 180, hita mai wat 3,000 za ta ba da kimanin 1,840 ne. Saboda haka in ruwa ya ƙi tafasa da wuri, ba lalle laifin hitar ba ne. Akasin haka kuwa ya fi muni, domin hitar da aka yi don bolt 120, in an jona ta a wutarmu, za ta yi zafi kusan ninki huɗu ta ƙone nan take. Wannan gargaɗi ne ga masu sayen kayan gwanjo na Amurka. Haka nan ƙaramin janareta wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki hita mai wat 1,500 ba.

Bayan ƙarfi sai siffa. Hita biyu za su iya zama da wat ɗaya, amma ɗaya gajeriya, ɗaya doguwa mai lanƙwasa. A jikin gajeriyar zafi yakan taru a ƙaramin wuri, a jikin doguwar kuwa yakan bazu. In ruwa ne zalla babu damuwa sosai, amma ruwa mai sukari yakan kama a jikin ƙarfe mai tsananin zafi, ya yi ƙanzo, ya ba abin da ake dafawa ƙauri. Don haka masu wancan aiki suke zaɓen doguwa, ta ƙarfe mara tsatsa. Abu mai kauri kamar koko kuwa bai kamata a tsoma masa hita ba sam. Suna kuma haɗa ta da na'urar auna zafi mai kunnawa da kashewa da kanta, domin idan ruwan jiƙo ya haura digiri 78 ko kusa da haka, sinadarin da ke juya gari zuwa sukari yakan lalace. In ruwa ya riga ya tafasa ba zai ƙara zafi ba kome ƙarfin hita, sai dai ya yi ta ƙafewa. Wat 1,000 yana ƙafar da fiye da lita ɗaya da rabi a awa guda. In ruwan ya ja baya har ƙarfen ya fito fili yana kunne, cikin ɗan lokaci zai ƙone.

Magana mafi nauyi ita ce ta rai. Ruwa da lantarki abokan gaba ne, kuma wutar da ba ta kai amfiya ɗaya ba tana iya tsayar da zuciyar mutum. Fis mai amfiya 13 waya yake tsarewa, ba ya tsare mutum. Abin da ke tsare mutum abu biyu ne. Na ɗaya wayar ƙasa, watau doguwar ƙafar nan ta uku a jikin fulogi, wadda ake haɗawa da jikin tukunyar ƙarfe domin in wuta ta zurare ta bi ta can. Na biyu wata na'ura ce da ke lura da wutar da ta shiga da wadda ta komo, in ta ga bambancin kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya sai ta yanke layin kafin ƙiftawar ido. Masu dafa giyar Turai da Amurka da suka san aikinsu ba sa kunna tukunya sai da irin wannan na'ura. Mu kuwa har yanzu akan sami masu haɗa reza biyu ko murfin gwangwani da waya su jefa cikin bokiti. A wannan haɗi ruwan ne kansa yake ɗauke da wutar, duk wanda ya taɓa shi ko ya taɓa bokitin ƙarfe yana iya rasa ransa. Ina kira ga 'yan'uwana na ɗakunan kwana da su nisanci wannan ɗabi'a.

Daga ƙarshe, ga shawarata ga mai son sayen hita. Ya fara sanin lita nawa zai tafasa da kuma minti nawa zai iya jira. Ya duba wat da bolt da aka rubuta a jikinta, ya raba ya ga amfiya nawa za ta ja. In ta wuce 13 kada ya sa ta a soket na ɗaki. Ya tsoma ta cikin ruwa kafin ya kunna, ya kashe ya zare fulogi kafin ya taɓa ruwan, kada kuma ya tafi ya bar ta, musamman in an ɗauke wuta, domin za a iya maido da ita babu kowa a ɗaki. In ya ji fulogi ko waya ta yi zafi a hannu, ya kashe ya kira mai aikin wuta. Iyayenmu kuma ina roƙonsu su sa a duba musu fis da wayar ƙasa a gidajensu, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu daga gobara da haɗarin wuta, amin.